Shekarar da Aka Cire Rigunan Ruwa

A bayan gidanmu na gado, a Gwale, akwai wani kududdufi da tun muna yara ake hana mu zuwa bakinsa. Kakanni ne suka haƙa shi a hankali wajen ɗibar ƙasar gini, har ya zama ƙaton rami mai tsawo wanda ko da rani ba ya ƙafewa. Idan damina ta yi nisa, ruwan yakan kawo gindin katangar makarantar firamare, kuma mutumin da ke tsaye a wancan ƙarshen ba ka gane fuskarsa. Wasu masunta daga wajen Wudil sukan zo kowace shekara su yi 'yan watanni suna kamun tarwaɗa a ciki. Idan sun tashi aiki sai su ɗaure kwale-kwalensu a gindin wata giginya su tafi masaukinsu.

Da zarar sun ba da baya sai samarin unguwa su kwance jiragen su shiga ruwa. An yi faɗa, an yi duka, an sa sarƙa da kwaɗo, duk bai hana ba. Yayana, wanda nake bi, malamin motsa jiki ne a wata sakandare, kuma a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar samarin unguwarmu. Shi ya je wa mai unguwa da shawarar cewa tunda an kasa raba yaran nan da ruwa, gara a fito da abin fili, a mai da shi tsere sau ɗaya a shekara, da manya a tsaye, a kuma yi yarjejeniya cewa duk wanda aka kama ya saci jirgi ba zai shiga ba. Mai unguwa ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya amince.

Haka tseren ya samo asali. Kowane kwale-kwale mutum huɗu, kowa da filafilinsa, wato itacen tuƙi. Ana tashi daga gindin katangar makaranta, a je a zagayo wani shuɗin duro da aka ɗaure da dutse a can ƙarshen ruwa, a dawo. Shekarar farko 'yan unguwarmu ne kawai. Daga baya samarin Dukawuya suka shigo, sai na Kabara, sai wasu unguwannin da ban ma san suna da labari ba.

Yaya mutum ne mai tsari, har yakan gundiri mutane da shi. Ya sa wani ɗan unguwa mai fatauci zuwa kudu ya sayo rigunan ruwa na gwanjo, irin masu hana nitsewa, masu ruwan lemo, wasu igiyoyinsu sun tsinke aka kai wa tela ya gyara. Dokarsa ta farko ita ce ba mai taka jirgi sai da rigar a jikinsa, a ɗaure. Ta biyu, dole jirgi ɗaya ya tsaya kusa da duron da masunta biyu a ciki, ba sa tsere, ba sa komai, jira kawai suke yi, domin a wajen zagayen nan ne jirage suka fi kifewa. Ni kuma da nake aikin jinya a ƙaramin asibitin unguwa, ya roƙi mijina ya bar ni ina zuwa ranar. Akan ajiye mini tebur a inuwar katanga, in jera auduga da bandeji da maganin ciwo. Yawancin aikina bai wuce wanda kwalba ta yanka a ƙafa ko wanda filafilin ɗan'uwansa ya fasa wa goshi ba.

Jirage suna kifewa kusan kowace shekara. Idan hakan ta faru sai a ga kawuna huɗu sun taso cikin rigunan lemo suna tofar da ruwa, 'yan kallo su yi ta dariya, masunta su tsamo su ɗaya bayan ɗaya. Har ya zama wasu don wannan dariyar suke zuwa.

A shekarar da nake magana, tseren ya yi suna. Wani ɗan siyasa da ke neman kujera ya ɗauki nauyin kofi da rumfuna da lasifika, aka sa shi babban baƙo. An ce zai zo bayan azahar, bai iso ba sai da aka yi la'asar, da jerin motocinsa da suka cika lungun da ke fita titi. Ya zo da mai ɗaukar bidiyo. Kafin nan an gama zagayen share fage, saura na ƙarshe tsakanin jirage uku: namu na Gwale, na Dukawuya, da na Kabara. Hadari ya ɗan haɗo daga gabas amma babu iska, ruwan a kwance yake.

Mai bidiyon ne ya fara zuwa wajen Yaya. Ya ce daga bakin ruwa ba zai samu fuskokin matuƙan ba, yana so a sa shi a jirgi ya tsaya kusa da inda za su ƙare. Babu wani jirgi da ba shi da aiki sai na masu jiran nan. Yaya ya ɗaga musu hannu suka taso daga wajen duron, suka ɗauki mutumin da kyamararsa. Ya ce musu da zarar an tashi su koma tsakiya, yadda za su iya kaiwa ko'ina.

Sai shugaban 'yan Dukawuya ya zo. Kafinta ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, kuma kowa ya san babu wanda ya kai shi iyo a cikinsu. Na san shi, don ya taɓa zuwa asibitinmu da ƙusa a tafin ƙafa yana ta ba mu dariya. Ya tsaya gaban Yaya, kusa da teburina, ya ce rigunan nan suna goge musu hammata, suna riƙe hannu, kuma idan aka nuna bidiyon za a ce samarin birni tsoron ruwa suke ji. Ya roƙi a bar su su cire a wannan zagayen kaɗai. 'Yan sauran jiragen suka taru a bayansa suna cewa haka ne. Yaya ya ce a'a. Suka sake roƙo, ya sake cewa a'a, ya juya zai tafi.

Babban baƙon yana zaune a rumfa yana ji. Ya yi dariya, ya ce, "Haba Malam, ka bar samari su nuna bajintarsu mana. Ai ba yara ba ne."

Waɗanda ke zaune tare da shi suka taya shi dariya. Yaya ya tsaya. Ya dubi ruwan, ya dubi hadarin, ya dubi kafintan da ke masa murmushi. Ina kallon fuskar Yaya, kuma ban ga alamar tsoron baƙon a ciki ba. Abin da na gani gajiya ce, irin ta wanda tun safe yake cewa a'a.

Ya ce, "To, wannan zagayen kawai."

Suka cire rigunan suka tara a gefen teburina. Aka busa usur.

Tafiyar farko lafiya lau. Jirgin Kabara ya ɗan rage a baya, namu da na Dukawuya suna kafaɗa da kafaɗa har duron. A nan kowanne ya so ya riga shiga kwanar. Daga inda nake ban ga yadda suka haɗu ba, na dai ga jirgin Dukawuya ya tashi gefe ɗaya ya kife. Mutane suka fashe da dariya kamar yadda suka saba. Ni ma ban miƙe ba da farko. Sai da na lura babu ruwan lemo a saman ruwan, kawuna ne baƙaƙe da ba a iya ƙirgawa daga nesa, sannan na tashi tsaye.

Abin da ya faru a can, daga bakin waɗanda suka tsira na ji shi. Biyu sun kama jikin jirgin nan take. Na uku, ashe iyonsa bai taka kara ya karya ba, shekarun nan duk rigar ce take rufa masa asiri, ya shiga shan ruwa yana dukan sama. Kafintan ya iso gare shi, ya tallabe shi ya tura shi har ya kama jirgin. Daga nan ya ce musu wani abu ya riƙe masa ƙafa. Ya ja numfashi ya nutsa don ya kwance, bai sake tasowa ba.

Jirgin masunta yana tsakiya kamar yadda aka ce musu, amma da mutum na uku a ciki da ya ƙanƙame kyamara yana ihu kada a kifar da shi. Suna tuƙi yana karkata jirgin. 'Yan Kabara ne suka fara isa, suka ɗauki ukun. Namu sun riga sun zagaye sun miƙo hanya, ba su san abin da ke bayansu ba sai da suka ga babu mai yi musu tafi. Yaya ya bi gefen ruwa da gudu, ta cikin bola da kainuwa, ya faɗa da kayansa daga wancan ɓangaren. Kafin ya kai, masuntan sun riga sun nutsa. Sai da suka shiga suka fito sau da yawa kafin suka same shi. Tsohuwar komar kamun kifi ce da wayoyi da suka daɗe a ƙasan ruwan suka naɗe masa ƙafa, sai da wuƙa aka yanke.

Aka kawo shi gabana aka shimfiɗe a kan tabarmar da aka yi sallah. Na share masa baki, na shiga danna ƙirjinsa, wani ɗalibin koyon aikin lafiya da ke cikin 'yan kallo ya zo yana hura masa numfashi. Mutane suka rufe mu har ba iska. Ina jin ana cewa a ɗaga shi a kife, a matse cikinsa, a kawo gishiri. Na ci gaba da abin da aka koya mini duk da tun da na taɓa shi na san abin da na sani. Aka ce a kawo mota, sai aka tarar motocin baƙi sun toshe lungun, direbobi sun shiga kallo. Da ƙyar aka samu adaidaita sahu ta wani lungun, aka ɗauke shi a hannu har can. Na shiga tare da shi ina dannawa a hanya. A babban asibiti likita ya duba, ya ja mayafi ya rufe shi.

Da na dawo ana kiran magariba. An fara yayyafi, an naɗe rumfuna, babban baƙo ya daɗe da tafiya. 'Yan sanda sun zo sun tafi da Yaya da masuntan biyu. Sauran 'yan kwamitin shirya tseren, waɗanda da safe kowa ke yawo da alamar shugabanci a ƙirji, babu wanda aka gani. Mijina da wani baffanmu suka bi su caji ofis. Mijina ya ce mini da aka zo ɗaukar bayani, Yaya bai jira an tambaye shi ba. Ya ce shi ya ba da izinin cire riguna, shi ya janye jirgin jira daga wurinsa, masuntan umarninsa suka bi, kuma su ne ma suka fito da gawar. Baffa ya yi ta taka masa ƙafa, bai fasa ba. Aka saki masuntan, shi aka riƙe shi.

Washegari da sassafe mahaifin mamacin ya je da kansa. Dattijo ne badukku, mai ɗinkin jakunkuna da takalman fata, ba mai yawan magana ba. Ya ce wa 'yan sanda ba ya ƙarar kowa, ɗansa kwanansa ne ya ƙare, a ba shi gawa ya binne, a kuma saki malamin ya zo ya yi wa ɗalibinsa sallah. Sai a ranar na san ashe Yaya ya koyar da kafintan a sakandare. Aka sake shi, ya wuce jana'iza da kayan da ya faɗa ruwa da su, sun bushe a jikinsa da laka.

Da muka je gaisuwa, ni ina cikin gida wajen mata. An nuna ni ga mahaifiyar mamacin, aka ce wannan ce ma'aikaciyar asibitin. Ta sa aka matsa mini na zauna kusa da ita. Sai ta tambaye ni ko ni ce na danna masa ƙirji. Na ce ni ce.

Ta ce, "Ya yi magana?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Ko da aka fito da shi ya riga ya cika."

Ta ce to. Ba ta ƙara tambayata komai ba. Can aka yi sallama aka ce malamin yana so ya shigo ya gaishe ta. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi mata ta'aziyya, ya ce ta yafe masa. Ta amsa gaisuwar, ta ce Allah Ya ba da lada, ta juya fuskarta wajen bango. Matan da ke wurin suka yi ta cewa ai ta yafe, ai babu komai, haka Allah Ya rubuta. Ita dai ba ta faɗa ba, kuma har ta rasu ban ji wanda ya ce ya ji ta faɗa ba.

A waje kuwa, mijina ya ce dattijon ya riƙe hannun Yaya a gaban mutane ya ce kada ya sa wa kansa damuwa, ya san halin ɗansa, idan ya so abu sai ya samu. Ɗan siyasar ya aiko da buhun shinkafa da wakili. Shi bai zo ba.

Bayan an share makoki kwamiti ya dawo da ransa. Suka zauna a zauren gidanmu, ina ɗakin Hajiyarmu muna jiyo su ta taga. Wani ya ce mamacin ne ya nema da bakinsa, kowa shaida ne. Wani ya ce laifin baƙon ne da ya sa baki a abin da bai sani ba. Wani ya kawo maganar mai bidiyo, wani ta masu zubar da shara a ruwa. Aka yi ta juya maganar har ta kusa zama ba laifin kowa. Yaya ya bar su suka gama. Sannan ya ce matuƙi dole ya so ya ci tsere, baƙo dole ya so ya ga abin burgewa, mai bidiyo dole ya so hoto mai kyau, duk cikinsu babu wanda ya bar aikinsa. Mutum ɗaya ne aka ajiye a wurin don ya hana, kuma shi ne. Ya ƙara da cewa bai taɓa sa an duba ƙasan ruwan a wajen duron ba, bai kuma taɓa gwada iyon kowane matuƙi ba, rigar ya dogara da ita, sannan ya bari aka cire ta. Aka yi addu'a aka tashi.

Ya je wajen malamai biyu yana tambaya ko akwai kaffara a kansa. Na farko ya ce babu, tunda ba hannunsa ne ya yi ba, kuma mamacin baligi ne mai hankali da ya zaɓa wa kansa. Na biyu ya ce wanda aka damƙa wa tsaron mutane ya yi sakaci, abin yana da nauyi, shi ba zai ce wajibi ne ba amma ba zai hana shi ba. Yaya ya ɗauki azumin wata biyu a jere. Yana zuwa makaranta yana koyar da guje-guje a rana da bakinsa a bushe, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Hajiyarmu abin bai yi mata daɗi ba. Wata rana da yamma ya shigo gaishe ta, na zo ni ma, ta ce masa uban yaro ya yafe, hukuma ta sake shi, malami ya ce babu komai, to shi da wa yake jayayya, da ƙaddara?

Ya ce, "Ba na jayayya da ƙaddara, Hajiya. Kwanansa ne ya ƙare, na yarda. Amma da bakina na ce su cire."

Ta ce Allah Ya kyauta, ta tashi ta dama masa kunun buɗa baki. Tun daga ranar ita ke dama masa har ya gama, ba ta sake tayar da maganar ba.

Kowa ya ɗauka tseren ya mutu. Mai unguwa ma ya faɗa a masallaci cewa an rufe wannan babin. Amma da damina ta zagayo masunta suka dawo, samari suka koma kwance jirage da tsakar rana, yanzu babu riga, babu babba a tsaye. Aka tsamo wani da rai kusa da giginyar nan. Mai unguwa ya aika aka kira Yaya, ya ce ko dai a samu wanda zai riƙe abin ko a jira wata gawar. Yaya ya nemi wani ya karɓa, babu wanda ya yarda. Matarsa ta ce idan ya koma bakin ruwan nan ita gidansu za ta tafi ranar, ba za ta zauna tana jiran labari ba.

Ana cikin haka dattijon nan badukku ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce ƙanin marigayin ya dame shi yana so ya shiga jirgin Dukawuya a madadin yayansa, uwarsa ta hana, shi kuma ya san idan an hana shi a fili zai je a ɓoye. Ya zo ne ya ji wa zai riƙe tseren bana. Yaya ya ce ba a tsayar ba tukuna.

Dattijon ya ce, "Idan kai ne, zan bar shi. Idan wani ne, ba zan bari ba."

Yaya ya tambaye shi dalili, shi da ɗansa ya mutu a hannunsa. Dattijon ya ce saboda wani bai san yadda abin yake ba tukuna.

Aka yi tseren. Babu babban baƙo, babu rumfa, kofin ma wani tsohon kofin makarantarsu ne Yaya ya aro. Sati guda kafin ranar ya shiga ruwa tare da masunta suka ja ƙugiya a wajen duron, suka fito da tarin koma da waya da wani tsohon gadon ƙarfe. Ya tara duk masu shiga ya sa kowa ya yi iyo a gabansa, ya cire waɗanda suka kasa, har da ɗan wani amininsa. Jirgin jira ya zama biyu. Lungun da ke fita titi aka sa masa benci aka hana ajiye ko babur, aka tsayar da motar wani maƙwabci a bakinsa da direba a ciki. Ni aka ƙara mini abokin aiki namiji. Shi kuwa Yaya bai tsaya a bakin ruwa ba, ya zauna cikin jirgin jira da usur a wuya.

A zagayen ƙarshe 'yan unguwarmu ne suka zo na ɗaya, da tazara mai yawa. Ana ta murna ana ɗaga su, sai Yaya ya fito daga jirgi ya karɓi lasifika ya ce an soke nasarar. Ya ga biyu daga cikinsu sun kwance igiyoyin rigunansu bayan sun zagaye duro, rigunan suna lilo a kafaɗa. Suka ce ai ba su cire ba. Ya ce rigar da ba a ɗaure ba, ruwa ne zai cire ta. Ya miƙa kofin ga 'yan Kabara da suka zo na biyu. Wurin ya hargitse. Aka yi masa ihu, aka jefe shi da ledojin ruwa, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce yanzu ne ya san doka bayan ya kashe ɗan mutane. Ina kusa, na ga ya ji. Ya ajiye lasifikar ya shiga tattara riguna yana duba igiyoyinsu. 'Yan Dukawuya su suka zo na ƙarshe, ƙanin marigayin ya fito lafiya, ubansa da ke tsaye can nesa a gindin katanga ya juya ya tafi gida.

Samarin unguwarmu sun daɗe ba sa gaishe shi. A zaɓen ƙungiya na gaba suka sauke shi daga shugabanci, amma tseren suka bar masa don babu mai so. Ya riƙe shi wasu shekaru a haka. 'Yan kallo suka ragu, don an ce abin ya zama kamar fareti. Ba a sake rasa kowa ba. Daga baya ruwan ne da kansa ya lalace: kwatocin sababbin gidaje suka koma zuba a ciki, masu fili suna cikowa daga gefe da shara da ɓaraguzai, kifi ya ƙare, masunta suka daina zuwa. Da babu jirage sai babu tsere. Babu wanda ya sanar da an daina.

Yaya ya yi ritaya yanzu, yana da ɗan shagon kayan wasanni a bakin titi. Ba ya tayar da maganar, mu ma ba ma tayarwa. Bara waccan wasu matasa daga wani gari suka zo nemansa, sun ji labarin ya taɓa shirya irin wannan, su ma suna so su yi a dam ɗin garinsu. Na je gidan ranar, na taya matarsa zuba musu abinci. Sun zo da tambayoyi a kan tsawon fage da yadda ake raba zagaye da inda ake samun masu ɗaukar nauyi. Ya amsa musu duka, dalla-dalla. Da suka tashi tafiya ya tambaye su wa zai hana a cikinsu. Ba su gane ba. Ya ce su zaɓi mutum ɗaya tun kafin ranar, wanda idan ya ce a tsaya an tsaya, kada ya zama mai tarbar baƙi, kada ya zama yana da jirgi a tseren, kuma su gaya masa tun yanzu cewa za a zage shi. Suka dubi juna, ɗaya ya ce in sha Allahu za su duba. Suka yi godiya, ya raka su bakin titi suka hau mota. Ban ji ko sun yi tseren ba.